Ana Zaton Wuta a Maƙera

Mai karatun da ya saba da wannan mujalla tamu zai yi tsammanin ya tarar da nazarin waƙa a wannan shafi, ko bayanin wata al'ada, ko muhawara a kan karin harshe. To, ni tumbin giyar mota na zo da shi, ina kuma neman afuwar malamaina tun da wuri. Abin da ya sa na ga ya dace in kawo shi nan shi ne, a sanadiyyarsa na yi wa wani dattijo ƙazafi a bainar jama'a, a sanadiyyarsa ne kuma na fara ganin amfanin waɗansu darussa da aka koya mana a aji, waɗanda a da don jarrabawa kawai nake haddace su.

Ni mutumin Gulma ne, a ƙasar Argungu ta Jihar Kebbi. Garin tsoho ne, yana cikin garuruwa masu ganuwa da Kabawa suka dogara da su a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, tare da Augi da Sauwa da Zazzagawa da ita kanta Argungu. Yau kuwa shinkafa da kifi su ne abin yinmu, domin fadamar Gulbin Rima ke ci da mu. Ita ke bayarwa, ita ce kuma kan karɓe idan ta ga dama. A shekarar 2020 ta karɓe. Ambaliyar da aka yi a ƙarshen daminar wannan shekara ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar, ta karya gadoji, ta yanke hanyoyi. Ni kuwa ina zaune gida tun watan Maris, ga annobar korona, ga yajin aikin malaman jami'o'i wanda bai ƙare ba sai watan Disamba. Ban ambaci wannan don in fama wa kowa tsohon miki ba, sai don a san abin da ya kai ɗalibin Hausa kwanciya ƙarƙashin mota.

Motar ta kawuna ce, ƙanen mahaifiyata. Toyota Corolla ce ƙirar 2003, wadda aka yi wa kasuwar Amurka, ta shigo ta Kwatano bayan ta ga jiya ta ga yau. Giyarta otomatik ce, watau ba ta da kuloci, ita ke sauya giya da kanta. Da ita yake jigilar fasinja tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, wani lokaci har Sakkwato, daga cikin abin da take samowa ne kuma ake biya mini kuɗin makaranta. Saboda haka idan ta yi tari, ni ma sai in ji ƙirjina yana ciwo.

A tsakiyar ambaliyar Kawu ya ratsa da ita wani wuri da ruwa ya hau kan hanya, yana kwashe kayan mutanen da gidajensu suka rushe. Ta fita lami lafiya, kowa ya yi hamdala. Bayan kwana uku ya zaro sandar awon man giya, sai ya ga man nan da aka sani ja garau ya koma kamar kunun gyaɗar da aka ɗiga wa zoɓo. Ruwa ya shiga ta kafar da tumbin giya ke shan iska. A cikin tumbin akwai waɗansu faya-fayai da aka manna wa wani abu mai kama da takarda, su ne ke kama juna su saki a duk sa'ad da giya za ta sauya, ruwa kuwa shi ne babban maƙiyinsu, domin yana saɓule abin da aka manna ɗin. An zubar da mai an sake zuba wani, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kafin mako biyu motar ta ƙi motsi sam. Makanikai suka haɗu a kan magana ɗaya, cewa sai an sake tumbin giya ɗungurungum.

Akwai wani Alhaji ɗan garinmu da ke sayar da kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tare suka yi karatun allo da Kawu, shi ne kuma ya yi masa babban aboki a aurensa na fari. Shi aka buga wa waya. Ya aiko da tumbin giya ɗan Beljiyam, kamar yadda ake kiran duk wani kayan mota da aka yi amfani da shi a ƙasar waje, ko da kuwa daga Japan ya fito, saboda yawan tsofaffin motocin da ake lodi a tashar jiragen ruwa ta Antuwap zuwa Afirka ta Yamma. Kuɗinsa da na aiki ya tashi daidai da buhu goma na shanshera. Kawu ya sayar da biyar, ragowar abin da ya noma da rani, Alhaji ya ce sauran a bari sai ruwa ya janye.

A wani gareji a Argungu aka ɗaura shi. Kwana biyu ana fama, ni ne mai riƙe fitila da miƙa sifana. Da aka gama aka gwada a kan kwalta, mota ta tafi sumul, giya na shiga ɗaya bayan ɗaya ba ko gargada. A kwana na uku, muna kan hanyar komawa gida, mun faɗa wani wuri mai ramuka da ruwa ya zaizaye, muka tsaya don shanu su wuce. Da Kawu ya taka totur sai inji ya yi ta ruri, mota kuwa tana jan ciki kamar jakin da aka labta wa kayan raƙumi. Da ƙyar ta ɗauki gudu. Abin mamaki, da ta ɗauka sai ta ci gaba da tafiya kamar ba ita ba. Ya kashe ta ya sake tayarwa, ta warke sarai. Kashegari ta sake. Wata rana ta wuni lafiya, wata rana ta yi sau biyar kafin azahar.

Duk wanda ya taɓa jinyar ciwon da ke zuwa ya tafi ya san irin shawarwarin da ake sha. Wani ya ce man da aka zuba jabu ne, aka zubar aka sayi wani. Wani ya ce baki ne, tun da motar ta yi suna a lokacin ambaliya, aka yi sadaka. Mafi yawa kuwa suka ce ai magana a fili take, an sa sabon abu, cuta ta biyo baya, saboda haka sabon abin ne mai cutar. Ni ma nan na tsaya, ina ganin hujja ce wadda ba ta da makusa.

Ranar da abin ya kai ni maƙura, muna fitowa ne daga tasha a Argungu da fasinja shida, za mu hau babban titin da ya nufi Birnin Kebbi. Kawu ya hango tirela can nesa, ya auna ya ga zai wuce, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Muna kaiwa tsakiyar titi cutar ta tashi. Har yau ina jin ƙarar birkin tirelar nan da salatin wata tsohuwa da ke bayana. Allah ya kiyaye, direban ya kauce ya bi gefen hanya. Fasinjojin suka sauka suka karɓi kuɗinsu, labari kuma ya bazu a tasha, har ya zama mutane na ƙin shiga motar ko da layinta ne.

Da yammacin ran nan akwai taron suna a unguwarmu. Ana zaune ana hira, aka tambaye ni labarin abin da ya faru, ƙanen Alhaji yana wurin. Na buɗe baki na ce ɗan garinmu ya sayar mana da mushe, ya ci amanar abota don abin duniya, saura kaɗan ya ɗauki alhakin rai takwas. Wuri ya yi tsit. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai, yaro, kama bakinka." Amma magana zarar bunu ce. Kafin isha ta isa Kano.

Alhaji bai yi musu ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya buga wa Kawu waya ya ce a sauke tumbin a mayar masa, ya aiko da wani, kuɗin mota zuwa da dawowa duk daga aljihunsa. Aka sake biyan ladan aiki, aka sake sayen mai. Aka ɗaura na biyu. Kwana ɗaya tak ya yi, muna shiga ramukan nan cutar ta dawo, ita ce dai ba ƙari ba ragi. Jama'a suka ce ashe duk kayan shagon ruɓaɓɓu ne. Ni kuwa a nan ne gabana ya fara faɗuwa. Tumbi biyu, daga motoci biyu da ba su san juna ba, yaya za a yi su kamu da ciwo iri ɗaya, mai tashi a wuri ɗaya, ya kuma kwanta idan an kashe mota? Ban faɗa wa kowa wannan tunani ba, domin na san inda zai kai ni.

Aka ce mu tafi Birnin Kebbi a sa mata kwamfuta. Ya kamata in yi ɗan bayani a nan. Tun daga ƙirar 1996, doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta kasance da wani soket mai kafa 16 a kusa da sitiyari, wanda za a iya jona na'ura a karanta ƙorafin da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur. Ƙorafin da lambobi yake fitowa, kuma lambobin na kowa da kowa ne. Harafin P yana nufin ɓangaren inji da giya, idan kuma 07 ta biyo baya, to, maganar giya ake yi. Ita ƙwaƙwalwar takan kunna wata fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba don ta sanar da shi tana da magana. Tamu fitilar kuwa ta shekara uku a kunne, tun ranar da aka cire abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, saboda haka ba wanda ya ƙara kallonta. Mai yawan kuka ko mutuwa aka yi masa ba a saurin zuwa.

Wani saurayi mai tsabta, da na'urarsa a jaka, ya jona ya danna, lamba ta fito: P0753. Ya ce, "Solonoyid ne, Oga. A canza." Aka kwance kaskon ƙasan tumbin, man da muka saya ya sake zubewa, aka sa wani solonoyid. Ba ta sake zane ba. Muka koma. Ya ce to, in haka ne ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, a sayo wata. Da aka faɗi kuɗinta Kawu ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi tagumi. A nan ne wani direban Jega da ke jiran a ɗaure masa salansa ya ce mu nemi wani dattijo mai gyaran wayar mota a bayan tasha, kafin mu sayar da gona.

Kafin in kai mai karatu wurin dattijon, bari in bayyana abin da ake kira solonoyid, domin in ba haka ba ba za a ga gwanintarsa ba. Giyar otomatik ta farko da aka yi da yawa don sayarwa ita ce Hydra-Matic, wadda kamfanin General Motors ya sa a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Wannan da ire-irenta da ƙarfin mai kaɗai suke aiki, ba ruwansu da lantarki wajen zaɓen giya. Daga shekarun 1980 ne aka fara miƙa wannan hukunci ga kwamfuta. Ita kwamfutar tana sauraron gudun mota da yadda direba ya taka totur, sa'an nan ta yanke shawarar giyar da ta dace. Amma ba ta da hannun da za ta taɓa ƙarfe. Abin da take yi shi ne ta aika wuta ta waya zuwa waɗansu 'yan ƙofofi da ke cikin tumbin. Kowace ƙofa naɗin siririyar waya ce wadda ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige ta, ta ja wani ɗan ƙarfe, hanyar mai ta buɗe ko ta rufe. Man ne ke matsa faya-fayan nan, giya ta shiga. Wannan ƙofa ita ce solonoyid.

A irin motar Kawu giya huɗu ce ta gaba, amma ƙofofin da ke zaɓen su biyu ne rak. Na daɗe ina mamakin yadda biyu za su haifi huɗu, sai da na tuna darasin karin sauti. Kalma mai gaɓa biyu, idan kowace gaɓa tana iya hawa sama ko ta sauka ƙasa, tsari huɗu za a samu: sama-ƙasa, sama-sama, ƙasa-sama, ƙasa-ƙasa. Da haka muke bambanta kukan yaro, mai karin sama-sama, da kukar miya, mai karin sama-ƙasa. To, a ɗauka ƙofa mai wuta ita ce sama, marar wuta ita ce ƙasa. Giya ta ɗaya sama-ƙasa ce, watau ƙofar farko da wuta, ta biyu babu. Giya ta biyu sama-sama. Ta uku ƙasa-sama. Ta huɗu ƙasa-ƙasa. Yanzu a ƙaddara mutum ya sami lalurar da ta hana shi ɗaga gaɓar farko. Duk inda ya nufi sama-sama, ƙasa-sama zai fito, inda ya nufi sama-ƙasa kuwa ya faɗi ƙasa-ƙasa. Haka motarmu ta zama. Idan wuta ta kasa isa ƙofar farko, giya ta biyu sai ta koma ta uku, ta ɗaya kuma ta koma ta huɗu. Da yake tashi da giya ta huɗu ya fi muni, an tsara ƙwaƙwalwar ta yadda da zarar ta lura, sai ta kunna ƙofa ta biyu motar ta tashi da ta uku, a rage mugun iri. Ga dalilin jan cikin nan a wurin tashi, ga kuma dalilin da ya sa take tafiya sumul idan ta ɗauki gudu, domin giya ta uku da ta huɗu ba su bukatar ƙofar farko ko kaɗan.

Dattijon, wanda zan kira Baba Mai Waya, mun same shi a wata 'yar rumfar kwano, yana jiƙa goro. Ya ce a Kaduna ya koyi aiki, zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a can. Bai taɓa motar ba sai da ya yi kusan rabin sa'a yana yi wa Kawu tambayoyi kamar alƙali. Yaushe ta fara? Kafin a sauke tumbin farko ta taɓa yin irin wannan? Da sanyin safiya ta fi yi ko da rana? A kwalta ko a ramuka? Da aka ce masa an sake tumbi sau biyu da solonoyid sau ɗaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Kun sake liman sau ukku, salla ba ta gyaru ba. Ba ku duba alwalar mamu ba?"

Na yi karambani na ce, "Baba, ai kwamfuta ce ta ce solonoyid ne."

Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, ita kwamfutar, da idonta tag gani, ko hwaɗa mata anka yi?"

Wannan tambaya ita ce ta buɗe mini ido. 'Yan tasha suna kiran masu wannan sana'a riwaya, kalmar da aka aro daga Turanci, sai ga shi ta faɗo daidai kan wata kalmar da muka aro daga Larabci tun da daɗewa. Masu ilmin hadisi ba su karɓar riwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, su ga ko wane ya sadu da wane, ko kuwa akwai inda sarƙar ta yanke. Ƙwaƙwalwar mota tana can cikin ɗaki a bayan akwatin da ke gaban fasinja, solonoyid yana can cikin mai a ƙasan inji, ba su taɓa ganin juna ba. Tsakaninsu akwai soket, da waya mai tsawo da ta ratsa bango ta bi ta gefen inji, da wani soket ɗin, da wata wayar a cikin tumbi. Iyakar abin da ƙwaƙwalwar ta sani shi ne ta aika wuta ba ta ga alamar ta isa ba. Ma'anar lambar P0753 ke nan, watau akwai matsalar lantarki a hanyar solonoyid na farko. Saurayin nan ya tsinci suna ɗaya a cikin jimla ya yar da sauran. Kuskuren fassara ne, irin wanda malaminmu na fassara zai ja wa jan layi.

Baba ya fara da batir, ya auna, ya duba wayar da suke kira as, wadda ke haɗa inji da jikin mota, domin ya ce masu sauke tumbi sun cika mantawa da ita. Tana nan daram. Sa'an nan ya yi wani abu da ya ba ni tsoro: ya zare soket ɗin da ke jikin tumbin gaba ɗaya, ya ce Kawu ya ja motar a haka. Ya sa sandar giya a L, mota ta zabura da ƙarfinta. Ya sa a R, ta yi baya lafiya. Ya sa a D, ta yi nauyi fiye da kullum, kamar yadda ƙasa-ƙasa ya kamata ta yi. Baba ya ce, "To, ƙarhe da mai sun fita. Giya ta ɗaya tana nan da ranta, kiranta na ba a yi." Daga baya na gane wannan gwaji yana cikin littafin gyara na masu ƙera motar, don a raba laifin ƙarfe da na lantarki. Bai ci ko sisi ba, bai kai minti goma ba, ga shi kuwa da an yi shi tun farko da ba a sauke tumbin Alhaji ba.

Ya ɗauko mitarsa, tsohuwa mai allura. Ya ce ya fi son ta da mai lambobi a irin wannan aiki, domin allura ba ta ɓoye rawar jiki. Ya auna solonoyid ɗin daga soket ɗin tumbi, ya sami om 13, ƙa'ida kuwa tsakanin 11 ne da 15. Lafiyayye ne, kamar yadda wanda aka cire aka jefar ma mai yiwuwa lafiyayye ne. Ya mayar da soket, ya cire kan batir, ya shiga cikin mota ya zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, ya duba wata tsohuwar takardar zanen wayoyi da ta sha baƙin mai, ya nemo ƙafar da yake so, ya sake aunawa daga can. Allura ta tsaya a inda ta tsaya ɗazu. Na ce, "Baba, ai nan ma lafiya." Ya ce, "Motar tsaye take. Ku kun ce a ramukka take yi."

Ya ba ni mitar ya ce kada in ɗauke ido daga allura. Ya sa yaronsa ya bi damin wayoyin nan yana girgiza shi taƙi bayan taƙi, daga bango har zuwa tumbi. An wuce rabi ba abin da ya motsa. Da yaron ya kai wani wuri ƙarƙashin akwatin iska, kusa da wani ƙarfe da ake ɗaure damin a jikinsa, sai allura ta faɗi warwas. Ya saki, ta tashi. Ya sake taɓawa, ta faɗi. Na yi ihu kamar wanda ya kama giwan ruwa a Matan Fada.

Baba ya sa reza ya farke baƙin tef ɗin da aka naɗe damin da shi. Wayoyin duk kamanninsu lafiya, sai ɗaya da ke da ɗan tabo kamar an cije ta. Ya kama ta gefe da gefe ya ja, sai ta miƙe kamar roba. Jan ƙarfen da ke ciki ya tsinke, rigar ce kawai ta rage, bakin biyu suna taɓa juna idan mota na tsaye ko tana kan kwalta, su rabu idan ta faɗa rami. Bisa ga dukkan alamu, ranar da aka ɗaura tumbin farko ne aka matse damin tsakanin ƙarfe da ƙarfe sa'ad da ake ɗaga shi da jak. Ni ne mai riƙe fitila a ran nan, ban kuwa ga kome ba. Ya yanke wurin, ya ƙara 'yar waya da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, ya like da dalma, ya naɗe. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin kwano uku na shinkafa ba.

Ba na son a ɗauka ina zargin makanikan garejin nan fiye da kima. Yawancin ogoginsu a kan motocin kafireta suka koyi aiki, inda kunne da hannu suka isa, sai ga shi an jibge musu motoci masu ƙwaƙwalwa ba tare da littafi ko ɗaya da harshen da suke ji ba. Wanda ba shi da hanyar gwaji, canji kawai ya rage masa, ya canza wannan ya canza wancan har Allah ya sa a dace, mai mota kuwa ya biya. A nan nake ganin mu ma muna da namu kason. Direbobin da da makanikansu sun yi wa Hausa aiki ba tare da wani kwamiti ba. Su suka lanƙwasa mana lagireto da kafireta da salansa da totur, su suka dubi akwatin giya suka ga ya yi kama da tumbi. Na yau ma ba su gaza ba, wanda ya raɗa wa abin cikin salansa suna indomi ya san kamance. Amma suna daban, bayani daban. Jerin lambobin giyar nan da ake yawan gani bai fi a fassara shi a 'yan shafuka ba, a nuna cewa P0715 da P0720 maganar na'urorin auna gudu suke yi, P0753 da P0758 kuma maganar hanyar ƙofofin nan biyu, a kuma ja kunne cewa lamba unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. Na sha ganin ɗalibi ya cika kundi da sunayen kayan sana'ar da ta mutu, alhali ga sana'a mai rai a bayan tasha tana neman mai rubuta mata takarda.

Motar ta koma layi, ko da yake sai da aka yi wata guda kafin 'yan tasha su daina yi mata kallon mayya. Saura magana ɗaya. Kawu ya ce shi ba zai buga waya ba, wanda ya ɗebo da zafi shi zai kai bakinsa. Ya ba ni kuɗin mota, na bi ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa, hanyar da a lokacin ba mai hankalin da ke bin ta da dare, na isa Kano. Na ƙunshe guntuwar wayar nan a takarda na sa a aljihu.

Na tarar da Alhaji a ƙofar shago yana lissafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na kwance takardar na ajiye a gabansa, na faɗi yadda aka yi tun daga farko, na ce, "Baba Alhaji, na yi muku ƙazafi a gaban mutane, ku yafe mini." Ya ɗauki wayar ya ja ta, ya ga yadda take miƙewa, ya daɗe yana juya ta. Sa'an nan ya nuna mini wata Corolla fara da ke ajiye a tsallaken hanya, ya ce tumbin farko da muka mayar masa yana cikinta, mako bakwai ke nan, kullum sai ta je Wudil ta dawo. Na ce, "Me ya hana ku faɗa mana?" Ya ce, "Wanda anka kira maci amana, in ya ce kayanai na da kyau, wa ka yarda?"

Ya ce ya yafe. Ya sa aka sayo mini abinci, ya biya mini kuɗin motar komawa, ya ce in gaya wa Kawu buhu biyar ɗin nan ba gaggawa. Da na koma gida na nemi ƙanensa a majalisar da na yi maganar, na warware ta a gaban waɗanda na samu, ko da yake ba su kai rabin waɗanda suka ji ta farko ba. Alhaji yana zuwa Gulma kowace babbar salla, ina zuwa gaishe shi, yana amsawa da sakin fuska. Tun ina ƙarami Malam Ƙarami yake kirana, saboda son karatuna. Daga shekarar nan zuwa yau da sunana na yanka yake kirana.